Tambaya: wa ya taɓa ƙera ƙananan cizal na dasa waya a katako da hannunsa?

Sabon_Hannu

Slm jama'a, dan Allah masu sana'ar hannu ina neman shawara. Na fara koyon adon nan da ake dasa siririyar waya a jikin katako, wato a zana fure ko ganye ko wani lanƙwashe-lanƙwashe a murfin akwati ko ƙotar wuƙa sai a tsaga layin a cusa waya ta zauna daidai da fuskar katakon, in an goge ta fito tana sheƙi.

Matsalata kayan aiki ne. Abinda nake amfani da shi yanzu ƙaramin sukundireba ne da na wasa bakinsa, sai wuƙar nan ta yankan kwali mai ɓallewa, wayar kuma jan ƙarfe ce da na fere daga kebul ɗin wuta. Miƙaƙƙen layi yana ɗan yiwuwa amma da na zo kwana sai katakon ya ɓantare, ramin kuma ya yi wa wayar yawa ta riƙa tasowa, in na buga nan can ya ɗago in na buga can nan ya ɗago, har gam na sa amma sai ya yi baƙi-baƙi a gefen layin ba kyan gani sam. Shi kansa sukundireban bakinsa naɗewa yake yi da ya haɗu da wuri mai tauri.

So nake in ƙera nawa cizal ɗin. Wane irin ƙarfe ya dace, yaya siffar bakin take, kuma dole ne sai an sa shi a wuta an ba shi ruwa ko wasawa kawai ta isa? Wanda ya sani ya taimaka, ngd.

Kafinta_77

Wa alaikumus salam. Ƙanena kafin mu je kan cizal bari mu fara da wayar don rabin matsalarka a nan take. Mulmulalliyar waya irin ta kebul ba ta zama a katako, ba ta da inda katakon zai kama ta, ko ta zauna ma da ka goge sai ka ga layin wani wuri ya yi kauri wani wuri ya sirance saboda ya danganta da zurfin da ta shiga. Wayar wannan aiki shafaffiya ce, ɗan ziri ne mai kaurin kamar 0.2 zuwa 0.3 na milimita, faɗinsa kuma 1.5 zuwa 2, a tsaye ake dasa shi da gefensa, abinda ido ke gani a sama kaurin nan ne kawai sauran duk yana binne a ciki.

Na biyu kuma wanda ya fi komai, ba rami ake haƙawa ba. Ko ƙwayar dusa ɗaya bai kamata ta fita daga katakon ba. Tsaga ce irin ta kitso, gashin yana nan ba a aske shi ba an dai raba shi biyu ne. Cizal ɗin yana shiga ne ya ture jijiyar katakon hagu da dama, ka sa wayar, in ka shafa ruwa jijiyar ta kumbura ta dawo ta cije ta. Kai da sukundireba da wuƙar kwali kana yanke jijiyar kana fitarwa to me zai dawo ya riƙe? shi ya sa ka koma ga gam.

To ga yadda nake yin nawa. Tsohon ruwan zarton yankan ƙarfe nake samu, kaurinsa bai wuce 0.6 da ɗan wani abu ba, in matse shi a bayis in karya shi gunduwa-gunduwa kamar santimita 5 kowanne, ka rufe shi da tsumma lokacin karyawa kuma ka sa gilashi don tsalle yake yi. Ka cinye haƙoran a garanda. Sai ka fitar da ɗan harshe a baki ɗaya, tsawon harshen daidai da faɗin wayarka ko ya ɗara kaɗan, a bayansa ka bar kafaɗa hagu da dama, kafaɗar nan ita ce za ta daki fuskar katako ta tsayar da kai, kaga kenan duk tsagar zurfinta ɗaya ba sai ka yi ta kintace ba. Kar ka bar kafaɗar da kaifi, ka ɗan mulmule ta in ba haka ba za ta yi ta bar maka tabo a gefen layi.

Faɗin harshen kala uku nake yi, milimita 1.5 na matsattsiyar kwana, 3 na yawancin aiki, 6 na miƙaƙƙen layi. Gsky na 3 ɗin nan shi ke yin kusan komai, na 6 sai ya yi sati a aljihun tebur ban taɓa shi ba.

Inda aikin yake shi ne sirantar da harshen. Ka sauka daga garanda ka koma dutsen wasa wuƙa ko sanfefa a kan gilashi, ka ci fuska biyun daidai wa daida har kaurin harshen ya zo daidai da na wayar ko ya gaza kaɗan, kar ya fi ta ko da gashi ɗaya. Tsakiyar harshen ta ɗan yi tudu, gefe biyun su sirance, bakin kuma ka ɗan zagaye shi kar ya zama miƙaƙƙe mai kusurwa, kusurwar ce ke barin tsani-tsani a kwana. Kuma ba irin wasawar cizal ɗin kafinta ba mai gangare ta gefe ɗaya, in ka yi haka zai riƙa zamewa gefe yana barin layin da ka zana. Daga ƙarshe ka goge shi a fata har ya yi ƙyalli, harshe mai kaushi yana jan jijiya waje lokacin da kake zare shi.

Ƙota gajeriya, santimita 7 ko 8, mai kumburin kai da zai zauna a tafin hannu. Ka tsaga bakinta da zarto ka cusa ƙarfen da gam mai haɗi biyu, ka sa zobe na guntun bututun jan ƙarfe don kar ta tsage. Ƙarfen da zai leƙo waje kar ya wuce santimita 1 da rabi, in ya yi tsawo rawa yake yi ya karye.

In ka samu tsohon fila geji na makanikai wanda suke auna tazarar bawul da fulogi to ka huta, don kowane falle an rubuta kaurinsa a jiki, ka ɗauki mai 0.25 ko 0.30 ka yi masa baki kawai. Sifirin ɗin tsohon agogo irin wanda ake murɗawa ya yi aiki shi ma yana yi.

Maganar wuta ni ba na sa wa. Ruwan zarto ya zo da taurinsa daga kamfani, naka kawai kar ka ƙona shi a garanda, taɓa ka tsoma a ruwa taɓa ka tsoma, da ka ga bakin ya canza kala to wurin ya mutu sai ka cinye shi ka sake.

Baban_Maƙera

Malam Kafinta ya yi bayani mai kyau Allah ya ƙara basira, amma maganar wuta ban bi shi duka ba. Ba kowane ruwan zarto ne iri ɗaya ba, kuma yaron nan in bai san wanda ke hannunsa ba zai yi ta karyewa yana zaton hannunsa ne.

Ɗana ka ɗora shi a garanda a wuri mai ɗan duhu ka kalli tartsatsin. In fari ne mai haske yana fashewa yana rassa a ƙarshe to ƙarfe ne mai yawan kabon, wannan shi ne namu, yana karɓar ban ruwa. In ja ne mai duhu gajere ba ya fashewa to HSS ne, wato ƙarfen da aka haɗa don ya jure zafin yanka da sauri, shi wannan zafin garanda bai cika dame shi ba amma gautsi gare shi, a kaurin 0.3 ka ɗan murɗa hannu kaɗan sai ka ji ƙas, kuma ba a iya gyara taurinsa da wutar gawayi, kar ma ka ɓata lokacinka. Akwai na uku wanda ake rubuta Bi-Metal a jiki, haƙoran ne kawai HSS bayan kuma ƙarfen sifirin ne, in ka cinye haƙoran abinda ya rage yana lanƙwasa ba ya karyewa, a katako yana yi sai dai ka riƙa yawan wasa shi.

Wanda zai yi da tsohon magagari ko ƙusar kankare ko sifirin dole ya shiga wuta. Magagari a yadda yake ya yi tauri da yawa. Ka gasa shi ya yi ja ka binne a toka ya huce a hankali, ya yi laushi kenan, ka yi masa siffar da kake so da wani magagarin amma kar ka sirantar da bakin har ƙarshe, ka bar masa kamar rabin milimita don siririn baki ƙonewa yake yi a wuta. Sai ka mayar da shi wuta kana gwadawa da mayen ƙarfe, wajen digiri 770 mayen ke daina kama shi, ka ƙara masa wuta kaɗan bayan nan sai ka tsoma shi a mai a tsaye, baki ya fara shiga, kana ɗaga shi sama da ƙasa ba gefe da gefe ba don kar ya karkace. Mai nace ba ruwa ba, ɗan abu siriri haka ruwa tsaga shi yake yi. Man girki ya fi baƙin man mota, hayaƙin wancan ba shi da kyau ga ƙirji, gwangwanin kuma na ƙarfe mai murfi ko da zai kama da wuta ka rufe.

Ka gwada da magagari, in ya zame bai ci ba to ya sha. Amma a haka in ya faɗi ƙasa ma zai iya karyewa, sai an sassauta shi. Ka goge shi da sanfefa ya yi fari tas, ka sa ƙaramar wuta daga can baya nesa da baki ka zuba ido, za ka ga kala tana tafiya tana nufar bakin, fari ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai haske wajen digiri 230, sai ya yi duhu, sai shunayya, sai shuɗi wajen 300. Na sassaƙa a kalar farko ake tsayawa. Amma naka da zai riƙa shiga katako ana jijjiga shi ka bari ya kai tsakanin shunayya da shuɗi sannan ka tsoma, ka rasa ɗan tauri ka samu juriya. A ɗan ƙarfe irin wannan kalar gudu take yi, ƙiftawar ido ta wuce, in ta wuce shuɗi ta koma toka-toka sai ka sake daga farko.

Sukundirebanka da ke naɗewa ko dai ƙarfen ba shi da kabon ko kuma ka ƙona shi wajen wasawa. Kuma kar ka kuskura ka sa ƙarfe mai rufin tutiya a wuta, irin mai farin shafe ɗin nan, hayaƙinsa zazzaɓi yake sawa.

Sabon_Hannu

Kai masha Allah, Malam Kafinta da Baba na gode ƙwarai Allah ya saka. Na duba nawa Bi-Metal aka rubuta. To amma ita shafaffiyar wayar fa, ba ni da injin murza waya, da guduma zan iya?

Yar_Maƙeran_Azurfa

Za ka iya ɗan'uwa, sai dai haƙuri. Ka nemi waya mai kaurin 0.8 zuwa milimita 1, wadda ta fi haka in ka daddale ta faɗin zai yi yawa. Fuskar gudumar da ƙarfen da za ka ɗora a kai su zama sumul, duk wani tabo da ke jikinsu zai hau kan wayar. Dabarar da ke sa kaurin ya zo ɗaya ita ce ka liƙa falle biyu na fila geji ko guntayen reza masu kauri ɗaya a kan ƙarfen, ka bar ɗan lungu a tsakaninsu, wayar tana bi ta lungun kana bugu, gudumar in ta sauka kan fallayen ta tsaya ba za ta ƙara ci ba. Gefen zai fito da ɗan kumburi-kumburi, ba komai, gefe ɗaya binnewa zai yi ɗayan kuma magagari zai cinye shi.

Hanya ta biyu wadda ni na fi so ita ce a samu fallen tagulla (mai ruwan ɗorawar nan, wato brass) ko na jan ƙarfe mai kaurin da ake so a yanka ziri-ziri da almakashi mai kyau. Yana fitowa a murɗe, sai ka kama baki ɗaya a bayis ɗayan da filaya ka ja shi a kan sanda mai santsi ya miƙe. Kaurin nan ba ya canzawa ko kaɗan shi ya sa layin ke fita tsaf.

Abinda ba wanda ya faɗa maka tukuna shi ne gasa wayar. Bugu da ja suna sa ta ta yi tauri, taurin nan ne ke sa in ka buga nan can ya ɗago. Ka naɗe ta ƙawanya-ƙawanya a matse ka ɗaure da wani guntun waya, ka bi ta da wuta kana zagayawa a wuri mai duhu har ta yi ja mara haske, kar ta kai ja mai haske. Jan ƙarfe sai digiri 1085 yake narkewa yana da haƙuri, tagulla da azurfa kuwa tun wajen 900 suke zubewa kuma bakin da ya leƙo daga naɗin shi ke fara dunƙulewa. Jan ƙarfe ka tsoma a ruwa kai tsaye, ba ya tauri da haka, sabanin ƙarfen Baba. Tagulla da azurfa ka bari jan ya ɓace tukuna.

Sai wani ɗan kayan aiki da za ka haɗa cikin minti biyar, magagari biyu ka haɗa su fuska da fuska ka ɗaure da roba, ka zura zirin a tsakani ka ja sau biyu ko uku, zai fito da ƙananan layuka a tsawonsa, su ne katakon ke cizawa. Bayan nan ka kwantar da shi ka ɗan ci gefen da zai shiga ƙasa ya yi ɗan kaifi.

A farko ka tsaya kan jan ƙarfe ko tagulla. Azurfa 925 (wato kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla) tana da daɗin aiki amma ba ta koyo ba ce. Wadda ake ce wa azurfar Jamus kuma ba azurfa a cikinta ko kaɗan, jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, fara ce tana kyau a baƙin katako amma taurin kai gare ta a kwana wlh sai yatsunka sun gaya maka.

Dogo_Injiniya

Ni dai in ɗan sa baki, kar wani ya karanta ya ɗauka a ƙarfe ma haka ake yi. In a jikin ƙarfe za ka dasa, kamar ruwan wuƙa, to ƙarfe ba ya kumbura da ruwa, can dole a haƙa rami na gaske da ɗan kurfi mai tsini sannan a rarake gefe biyun ta ciki ƙasan ya fi saman faɗi, kuma can mulmulalliyar wayar ce ake so, mai laushi sosai, jan ƙarfe ko azurfa 999 ko zinariya karat 24, a buga ta ta baje ta cika raraken ta kulle kanta. Abin bugun guntun sandar tagulla ne ko ƙusa da aka yanke wa tsini, a ɗora bakin a kan magagari a ɗan doka ya ɗauki kaushi don kar ya riƙa zamewa daga kan wayar. A Toledo ta ƙasar Sifen da kuma masu koftgari (adon dasa waya a ƙarfe) a Indiya ba ma rami suke yi ba, kakkarce fuskar ƙarfen suke yi da wuƙa layi kan layi a gicciye sai su danna wayar a kai.

Na katakon kuma in kana son ganin inda aka kai da shi ka nemi hotunan tarkashi na Mainpuri a Indiya, wayar tagulla ce a katakon shisham, daga falle suke yanko zirin kamar yadda Yar_Maƙeran_Azurfa ta ce, kayan aikin nasu kuma ɗan cizal ne da ƙaramar guduma ba wani inji.

Kafinta_77

Baba na karɓi gyara kan HSS, gaskiya ne yana da gautsi. Amma tunda nasa Bi-Metal ne ni dai ina nan kan bakata, ya wasa kawai ya fara aiki, wutar ta jira.

Ƙanena saura riƙon. Cizal a tsaye cak, ka danna ka ɗan jijjiga shi gaba da baya a bin layin, ka zare ka matsa rabin faɗinsa kawai yadda rabin harshen yana cikin tsohuwar tsagar, ita ke yi masa jagora. Inda layi ya gicciye jijiya yana da tauri sai ka ɗan taimaka da guduma, inda ya bi jijiya kuma a nan ake jin kunya don laushi yake yi cizal ya faɗa ya bi jijiyar ya bar zanenka, to sassauta hannu. Kar ka tsaga zanen duka lokaci ɗaya, yi reshe ɗaya ka dasa masa waya sannan ka tsaga na kusa da shi, musamman inda layi biyu suke haɗuwa kamar bakin ganye, ɗan tsinin katakon da ke tsakani shi ne ke ɓantare maka, in waya ta riga ta zauna a gefe ɗaya ta tokare shi. Wayar ta biyu ka fiƙe bakinta da magagari ta sirance ta kwanta a jikin ta farko har a kasa gane inda suka haɗu.

Ka lanƙwasa wayar ta ɗauki siffar kwanar tun kafin ta shiga, a jikin ƙusa ko bakin filaya mai zagaye. Guduma ƙarama, bugu kaɗan-kaɗan, zagaye na farko rabi kawai za ta shiga sai a na biyu ka kai ta ƙasa, ka bar ɗan kaɗan a sama. In ta kwanta gefe kar ka ci gaba da bugu, ɗago ta da bakin wuƙa ka miƙar. Ka gama sai ka shafa ruwa da tsumma ka bar shi ya bushe sosai har washegari, sannan magagari mai laushi a bin tsawon wayar ba a gicciye ba. A farin katako ka rage sanfefa, garin ƙarfen shiga jijiya yake yi ya yi dauɗa, kankara da reza ta fi. Katako mai maiƙo ko mai tsananin tauri bai cika kumbura ba, a nan ne kawai nake yarda da gam, shi ma farin gam na katako da aka tsinka da ruwa.

Ɗigo-ɗigon da ake sawa a ƙarshen reshe kuma a nan wayar kebul ɗinka za ta yi amfani, ka huda da allura ko tsinin ƙusa, ka fiƙe wayar ka buga ka yanke. In kana son cizal mai lanƙwasa na ƙananan da'ira, haƙarƙarin tsohuwar lema ya riga ya zo da kwarinsa, yanka kawai ka wasa.

Baban_Maƙera

Haƙarƙarin lemar nan fa Malam ba duka ke riƙe baki ba, na yanzu da yawa laushi gare su, a gwada tartsatsinsa tukuna. In mai kabon ne a buɗe kwarin da zafi a kan ƙusa mai girman da'irar da ake so, daga nan kuma dole a ba shi ruwa tunda ya ga wuta. Ta ciki ake wasa shi, a naɗa sanfefa a jikin ƙusar nan ɗaya a bi kwarin da ita.